Iskar da Ke Saura a Huhun Bakwaini, da Wahalar Auna Ta

Na'urar numfashi da ke tsaye kusa da kwalbar bakwaini a babban asibiti ba ta rowar lambobi. Tana nuna ƙarfin da take tura iska da shi, da yawan numfashi a minti ɗaya, da kason oksijin da ke cikin iskar, har da adadin da ya shiga ya fito a kowane numfashi. Lamba ɗaya ce ba ta nunawa, kuma ita ce likitan jarirai ya fi son sani: iska nawa ce ta yi saura a huhun yaron bayan ya gama fitar da numfashi?

Huhu ba ya komawa wayam. Duk yadda mutum ya fitar da numfashi, akwai iskar da take zama a ciki, ita ke riƙe da ƙananan jakunkunan huhu a buɗe, ita ce kuma jini ke ci gaba da ɗibar oksijin daga cikinta kafin numfashi na gaba ya iso. Wannan ita ce iskar ajiya. A jariri lafiyayye da ya cika watanninsa takan kai mililita 25 zuwa 30 a kowane kilo na nauyinsa. Wadda ke shiga tana fita kuwa, mililita 4 zuwa 6 ce a kowane kilo. Ke nan bakwaini mai nauyin kilo ɗaya, numfashinsa guda bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ba, iskar ajiyarsa kuma, in ciwo ya kama huhun, tana iya gaza cokali uku. Da irin waɗannan adadi ake aiki, shi ya sa kuskuren da ba a ko lura da shi a wajen babba yake zama babbar magana a nan.

Dalilin da ya sa bakwaini ke rasa wannan iska sanannen abu ne tun 1959, lokacin da Mary Ellen Avery da Jere Mead, a Jami'ar Harvard ta Amurka, suka nuna cewa huhun jariran da ciwon numfashi ya kashe ba shi da wani sinadari mai santsi da ake kira safaktan. Cikin jakunkunan huhu a jiƙe yake, ruwa kuma yana janyo bango zuwa bango. Safaktan ne ke karya wannan janyowa. Huhun ɗan tayi ba ya samar da isasshe sai wajen mako na 34 zuwa 35. Ga kuma haƙarƙarin jariri mai taushi, maimakon ya riƙe huhu a buɗe sai ya lotsa ya bi shi ciki. Abin da ya rage wa yaron shi ne dabararsa ta kansa, wato nishi. A 1968 wasu likitoci a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, Harrison da Heese da Klein, suka gano cewa nishin nan da ke tayar wa uwa hankali ba alamar wahala ce kawai ba: yaro ne ke tsuke maƙogwaronsa don kada iska ta fice duka. Da suka zura bututu suka hana nishin, sai oksijin na jini ya faɗi. Bututun na'urar numfashi yana ratsa maƙogwaro, saboda haka duk jaririn da aka ɗora a na'ura an ƙwace masa wannan dabara, nauyin riƙe huhunsa a buɗe ya koma wuyan wanda ke murɗa na'urar. A kan wannan fahimta George Gregory ya gina maganinsa a San Francisco a 1971, wato barin ɗan matsi na dindindin a hanyar numfashi, abin da ma'aikatan asibiti ke kira Sifap.

To nawa ne matsin da ya isa? Duk wanda ya taɓa hura balan-balan ya san hurawar farko ta fi wuya, daga nan ya yi ta buɗewa da sauƙi, can kuma ya ɗame har ya kusa fashewa. Huhu ma haka yake, kuma hatsari yana ɓangarorin biyu. In iskar ajiya ta yi kaɗan, jakunkuna za su riƙa rufewa suna ɓarkewa sau 40 ko 60 a minti ɗaya, gefensu na yagewa, 'yar iskar da aka tura kuma ta tafi duka ga ɓangaren da ke buɗe ta cika shi fiye da ƙima. In ta yi yawa, huhu ya danne jijiyoyin jini, jinin da ke komawa zuciya ya ragu, wani lokaci huhun ya huje iska ta taru a ƙirji. Tun 1967 William Northway da abokan aikinsa a Stanford suka bayyana wani ciwon huhu mai daɗewa da ke samun jariran da na'ura ta ceto. Shekaru da yawa ana ɗora laifin a kan matsi, har 1988 da Didier Dreyfuss ya yi wani gwaji a Faransa. Ya hura huhun ɓeraye da matsi mai tsanani, amma wasunsu ya ɗaure musu ƙirji da ciki yadda huhun ba zai iya buɗewa sosai ba. Waɗanda aka ɗaure suka tsira da huhunsu, waɗanda aka bari huhun ya miƙe suka lalace. Ashe miƙewar ce ke ɓarna. A 1997 kuma Lars Björklund, a Lund ta ƙasar Suwidin, ya nuna cewa manyan hurawa shida kacal ga 'yan tumaki bakwaini, da zarar an haife su, sun isa su ɓata huhun har safaktan da aka ba su daga baya ya kasa aiki yadda ya kamata. Shida, ba ɗari shida ba.

Daga nan hankali ya koma kan awo. Rabin matsalar, wato auna iskar da ke shiga tana fita, an kusa shawo kansa, ko da yake da jan aiki. Tiyon da ke haɗa na'ura da jariri yana ɗan kumbura duk lokacin da aka tura iska, kuma abin da tiyon ke haɗiyewa na iya fin numfashin yaron yawa, don haka awon da aka yi daga cikin na'ura ba abin dogaro ba ne. Dole a kawo ma'aunin bakin bututun da ke shiga maƙogwaro. Mafi yawa wata 'yar siririyar waya ce da ake zafafawa, iska in ta wuce ta sanyaya ta, daga sanyin a lissafa gudunta. Amma shi ma ma'aunin yana da ciki, kusan mililita ɗaya, kuma iskar da ta tsaya a cikinsa tsohuwa ce da yaro zai sake shaƙa. Ga mai gram 600, wannan ba ƙaramin haraji ba ne. Duk da haka ribar ta fi. Bitar da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2017, wadda ta tattara gwaje-gwaje 20 a kan jarirai sama da 1,000, ta nuna cewa barin na'ura ta riƙa daidaita matsi da kanta don ta ba da adadin iskar da aka ƙayyade yana rage mutuwa ko ciwon huhu mai daɗewa, yana rage hujewar huhu, yana kuma rage wanke iskar kabon daga jini fiye da ƙima, abin da ke cutar da ƙwaƙwalwar bakwaini.

Ɗaya rabin ne ya gagara. Ma'aunin bakin bututu yana ganin abin da ya gifta ta gabansa ne kawai, iskar ajiya kuwa ba ta giftawa.

Hanyar da aka fi bi a kullum ita ce hoton ƙirji. A ɗauki hoto, a ƙirga haƙarƙari daga sama zuwa inda huhu ya tsaya. In an samu takwas ko tara ta baya, a ce ya buɗe daidai. Na san likitoci da yawa sun taso a kan wannan ƙidaya kuma ba za su so a taɓa ta ba, amma binciken da ya gwada ta da awon iska na haƙiƙa ya nuna dangantakarsu ba ta da ƙarfi. Hoton ƙiftawar ido ɗaya yake kamawa, ba a ma tabbatar ko lokacin shigar iska ne ko fitarta, ga karkatar jikin yaro na canza abin da ake gani, ga kuma hasken da ba a son a yi ta haska wa ɗan ƙaramin jiki. Yana da amfani wajen ganin inda bututu ya tsaya da ko huhu ya huje. Wajen faɗin adadin iska, kintace ne.

Hanyar da ke ba da lamba ta gaskiya tsohuwa ce ƙwarai. Tun 1800 Humphry Davy, masanin sinadarai na Ingila, ya auna iskar da ke saura a huhunsa ta hanyar shaƙar haidirojin daga wani mazubi da ya san girmansa, ya ga yadda iskar huhunsa ta surka ta. Yau hiliyam ake amfani da ita, domin ba ta kama wuta kuma jini ba ya ɗaukarta. A ce an haɗa jariri da jaka mai mililita 200 wadda kashi 10 cikin 100 na iskarta hiliyam ce. In huhunsa na riƙe da mililita 20, bayan iskar ta gauraya ma'auni zai sauko zuwa wajen 9.1. Lissafi mai sauƙi. Sai dai bututun da ake zura wa ƙananan jarirai, mai faɗin milimita 2.5 ko 3, galibi ba shi da 'yar robar nan da ake hurawa ta toshe gefe kamar na manya, don gudun kada ta ji wa maƙogwaro rauni. Saboda haka iska na zurarewa ta gefensa. In yoyon ya sa ma'auni ya nuna 8.7 maimakon 9.1, lissafi zai ce mililita 30 ne. Huhun da ya sace sai a rubuta shi a matsayin lafiyayye, kuma babu abin da zai nuna wa mai awon cewa an yi kuskure. An ƙirƙiro lissafin gyara iri-iri, amma yoyo ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yaro ya juya wuya kaɗan, adadin ya canza.

Akwai kuma wankewa. A ba yaro oksijin zalla har naitirojin da ke huhunsa ya fita duka, a tara abin da ya fita a lissafa. Wannan ta fito ne daga aikin Darling da Cournand da Richards a New York a 1940, kuma tana aiki a wajen manya. A wajen bakwaini oksijin zalla ba abin wasa ba ne, ga idanunsa, ga huhun kansa da oksijin zalla ke sa wa wasu jakunkuna su rufe, wato awon na canza abin da ake aunawa. In kuma yaron dama yana kan oksijin mai yawa, babu isasshen naitirojin da za a wanke. Shi ya sa aka koma ga wata iska mai nauyi, SF6, wadda ake sakawa kaɗan a bar ta ta cika huhu sannan a bi fitarta numfashi bayan numfashi. Ta ba masu bincike alƙaluma masu kyau, har da yadda iska ke rarrabuwa a huhu. Amma ba ta tsira daga matsalar yoyo ba, ba ta ganin iskar da ta maƙale bayan hanyar da ta toshe, kuma tana cikin iskokin da suka fi kowanne ɗumama duniya, fiye da iskar kabon sau dubu 20 da ɗoriya, don haka samunta na ƙara wuya. Akwatin awon jiki da Arthur DuBois ya tsara a 1956 yana ganin har iskar da ta maƙale, amma babu mai rufe jariri maras lafiya cikin akwati da tarin wayoyinsa.

Duk waɗannan hanyoyi suna da aibi ɗaya da ya fi yoyo girma: lamba guda suke bayarwa, a lokaci guda. Huhun bakwaini kuwa ba ya zama yadda aka bar shi. Nas ta zuƙe masa majina, iskar ajiya ta zube. An ba shi safaktan, cikin 'yan mintuna huhun ya yi laushi, matsin da ya dace ɗazu ya zama mai yawa yanzu. Sannan ko lambar ta fito daidai, ba ta faɗi inda iskar take ba. Mililita 25 da ta bazu ko'ina daban take da mililita 25 da ta cunkushe a huhun dama, na hagu na rufe.

Likitoci a Amsterdam ta ƙasar Holan, ƙarƙashin Anton van Kaam, sun bi ta wata hanya: su bar oksijin na jini ya zama ɗan saƙo. A aikin da suka wallafa a 2006 kan bakwaini sama da 100 da ke kan na'ura mai karkaɗa iska da sauri, sukan ƙara matsi mataki-mataki, suna rage oksijin da ake ba yaro, har sai buƙatarsa ta sauko ƙasa sosai, alamar huhu ya buɗe. Daga nan su riƙa sassautowa har oksijin ya fara faɗuwa, alamar ya fara rufewa. Sai su sake buɗe shi, su tsaya santimita biyu na ruwa, a ma'aunin matsi, sama da inda ya rufe. Hikimar ita ce huhun da ya riga ya buɗe yana zama a buɗe da matsin da bai kai wanda ya buɗe shi ba, abin da David Tingay ya auna a jikin jarirai a Melbourne ta Ostireliya a wannan shekarar. Dabara ce mai kyau, ba ta kuma buƙatar sabon kaya. Rauninta shi ne oksijin ba huhu kaɗai yake ba da labari ba. In jini na kauce wa huhu ta ƙofofin zuciya da ba su rufe ba tun daga ciki, oksijin zai yi ƙasa ko da huhun a buɗe yake, mai murɗa na'ura ya yi ta ƙara matsi a banza. Kuma huhun da ya fara cika fiye da ƙima na iya ci gaba da nuna oksijin mai kyau na wani lokaci.

Abin da ya fi jan hankalina cikin sababbin hanyoyi shi ne hoton huhu da lantarki, wanda aka sani da EIT. David Barber da Brian Brown ne suka fara shi a Sheffield ta Ingila a farkon shekarun 1980. Ana ɗaura wa jariri wata ɗamara a ƙirji mai ɗauke da 'yan faifai 16 ko 32. Biyu daga ciki su saki wutar lantarki 'yar mitsitsiya da jiki ba ya ji, sauran su auna abin da ya iso gare su, sannan a matsa zuwa biyu na gaba, a yi ta zagayawa sau da dama a daƙiƙa ɗaya. Jini da ruwa suna barin lantarki ya wuce, iska tana tare shi. Daga wannan bambanci kwamfuta ke zana hoto mai motsi, a ga wane ɓangare ke cika, wane ke jinkiri, wane bai motsa ba sam. In bututu ya zarce zuwa reshen dama, nan take hagu zai yi duhu. In an zuƙe majina, a ga faɗuwar da kuma tsawon lokacin da huhu ya ɗauka kafin ya farfaɗo. Wani shiri da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi, mai suna CRADL, ya gwada ɗamarar a jikin jarirai da ƙananan yara 200 har tsawon awa 72, aka ga ana iya barin ta a jiki ba tare da cutarwa mai tsanani ba.

Sai dai kada a ruɗu da kyan hoton. EIT ba ta cewa mililita kaza ne a huhu. Cewa take adadin ya ƙaru ko ya ragu daga yadda yake ɗazu. Yanki ɗaya na ƙirji take gani, daidai inda ɗamara ta zauna, hoton kuma dishi-dishi ne. Motsin yaro ko zamewar ɗamara na iya kama da canjin iska. A ganina wannan musaya ce da ta dace. Likitan da ke tsaye a gaban na'ura ba lamba yake nema don ya rubuta a fayil ba, so yake ya san ko murɗawar da ya yi yanzu ta buɗe huhu ko ta ƙara danne shi, da kuma a wane gefe. Tambayar da EIT ke amsawa ke nan. Masu bincike a Milan ta Italiya, irin su Raffaele Dellacà, suna neman amsar ta wata fuska: na'ura ta aika 'yar girgiza cikin iska, a auna taurin huhu daga yadda ya mayar da ita, domin huhun da ya sace da wanda ya ɗame duk sun fi tauri, mafi laushi shi ne na tsakiya.

Amma gani daban, warkewa daban. Har yanzu babu wani babban gwaji da ya tabbatar cewa daidaita na'ura da EIT na rage mutuwa ko ciwon huhu mai daɗewa, kuma tarihin jinyar jarirai cike yake da dabarun da suka yi kyau a takarda. Ɗaya daga ciki ita ce doguwar hurawa a ɗakin haihuwa, wato a riƙe matsi na daƙiƙa 15 don a kafa iskar ajiya tun daga numfashin farko. Hankali ya yarda da ita, gwajin dabbobi ma ya goyi bayanta. Da aka gwada ta a ƙasashe da dama a gwajin SAIL, wanda aka wallafa a 2019, sai aka dakatar da shi kafin lokaci domin mutuwa cikin kwana biyun farko ta fi yawa a wajen waɗanda aka yi wa. Wasu za su ce wannan hujja ce ta buƙatar awo, tunda an hura ne ba a ganin ciki. Haka ne. Amma hujja ce kuma cewa duk wata sabuwar na'ura sai ta bi ta wannan siraɗi kafin a ce ta ceci rai.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce an haifi bakwaini miliyan 13.4 a 2020, Najeriya ce ta uku a yawa bayan Indiya da Pakistan. Mafi yawan waɗanda numfashi ya yi wa wuya a asibitocinmu ba za su ga na'urar numfashi ba, balle ɗamarar lantarki. Abin da za su samu, in an dace, shi ne Sifap mai kumfa, inda ƙarshen tiyo ke nutse cikin kwalbar ruwa, zurfinsa, santimita 5 ko 6, shi ne matsin da ke riƙe huhu. Tambayar ba ta canza ba: ya isa ko ya yi yawa? Ma'aunin da ke hannu shi ne idon nas, tana duban lotsawar ƙirji da buɗewar hanci da nishi, alamomin da Silverman da Andersen suka tsara tun 1956, tare da ɗan ma'aunin oksijin da ake maƙala wa ƙafa.

Cikin sababbin hanyoyin, wadda ta fi kusa da mu ita ce sikanin, domin na'urar da ake duba masu ciki da ita tana nan a asibitoci da yawa. Da can ana cewa ba a duba huhu da ita tunda iska na mayar da sauti. Daga baya aka gane cewa yadda sautin ke dawowa shi kansa labari ne: huhu mai iska yana ba da layuka a kwance, mai ruwa yana ba da layuka a tsaye, wanda ya rufe gaba ɗaya kuma ya fito kamar tsoka. A 2015 Roselyne Brat da Daniele De Luca a Faransa suka raba ƙirjin jariri gida shida, kowane gida maki 0 zuwa 3, jimla 18, suka nuna cewa makin na hasashen wanda zai buƙaci safaktan. Ita ma ba ta ba da mililita, kuma huhun da ya cika fiye da ƙima yakan fito mata kamar lafiyayye. Kan da ake duba ciki da shi ma ba shi ya fi dacewa ba. Ƙirjin bakwaini yana son ƙaramin kai mai miƙaƙƙen baki da ke ganin abin da ke kusa da fata, kuma sayen wannan kan da horar da masu riƙe shi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan kafa ɗakin na'urorin numfashi.